Yadda Ake Farfaɗo da Injin Tsohuwar Peugeot 504 da Ya Cije

A Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, ba wuya mutum ya ga tsohuwar Peugeot 504 jingine a ƙofar gida ko ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Wata wagon ce da ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Gaya da Wudil da Kano, wata kuma akori-kura ce da ta sha dakon gero da gyaɗa. Mai ita ya tsufa ko ya rasu, magada sun bar ta, ranar da wani ya sa sabon batir ya murɗa makulli sai ya ji ƙas, inji ko motsi bai yi ba. Daga nan sai 'yan gwangwan su fara zarya, suna taya ta da kuɗin nauyin ƙarfe.

Sau da yawa irin wannan injin bai mutu ba. Abin da ke kashe shi shi ne gaggawar da ake yi masa a ranar farko. Wannan bayani zai nuna abin da ke sa inji ya cije, yadda ake gane wane irin cijewa ne, da matakan da ake bi har ya sake tashi.

Me ya sa 504 ta cancanci wahalar?

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyi marasa kwalta. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar PAN a Kakuri, Kaduna, inda aka ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Turai. Shi ya sa har gobe ana samun kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma akwai tsofaffin makanikai da suka san ta ciki da waje.

Injin fetur ɗinta mai silinda huɗu ne. Akwai mai cc 1796, akwai mai cc 1971, wanda shi ya fi yawa a nan. Gangar jikin injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wato tof-silinda, na alminiyon ne, kuma an kwantar da injin gefe guda da digiri 45. Babban abin da ya bambanta shi da injunan motoci da yawa shi ne silif. Ramin da fistin ke kai da komowa a ciki wani bututun ƙarfe ne daban da aka zura cikin gangar injin, ruwan sanyaya inji na zagaye shi. Idan ya lalace, zare shi ake yi a sa sabo. A wasu injunan dole a kai gangar gaba ɗaya a rarake ta da na'ura. Wannan tsari na 504 shi ke sa gyaranta ya yiwu a ƙaramin gareji.

Cijewa iri uku ce

Ta farko ita ce ta tsatsa, wadda ke samun motar da aka ajiye. Duk lokacin da aka kashe inji, akwai bawul ɗin da ke tsayawa a buɗe, don haka iska na shiga wasu silindodin ta salansa ko ta kafireto. Da damina iskar tana ɗauke da laima. Baƙin man da ya shafe bangon silif yana tsiyayewa ƙasa cikin 'yan watanni, ƙarfe ya zauna tsirara, sai ya fara tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumburi, ga shi tazarar da ke tsakanin fistin da silif ba ta kai kaurin takardar rubutu biyu ba. Zoben fistin, wanda makanikai ke kira ringi, sai ya manne da bango. Wannan ita ce mafi sauƙin magani.

Ta biyu ita ce ta zafi ko rashin baƙin mai, wadda ke faruwa mota na cikin tafiya. Alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Idan lagireto ya ƙafe ko fambel ya tsinke, fistin zai kumbura ya cika silif ya kankare shi. Idan kuma baƙin mai ne ya ƙare, metal ɗin da kuranshaf ke juyawa a kai zai narke ya liƙe da shi. Irin wannan ba ya jin jiƙo, sai an kwance inji.

Ta uku ita ce ta ruwa. Yankin da ke kusa da Kogin Haɗeja, har da sassan Ajingi, yakan sha ambaliya a wasu damunoni. Idan ruwa ya shiga silinda ta kafireto, ko gaskit ya ƙone ruwan lagireto ya zubo ciki, fistin ba zai iya matse shi ba, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan aka tilasta, kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da kuranshaf, ita za ta lanƙwashe.

Saboda haka tambayar farko ga masu mota ake yin ta: da ƙafarta ta zo aka ajiye ta, ko janyo ta aka yi? Amsar tana rage rabin aikin bincike.

Bincike kafin a taɓa sufana

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da ƙa'ida cewa ba a gyara matsalar da ba a gano mazauninta ba, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Haka ake yi wa inji.

Da farko a tabbatar injin ne ya cije. Kik ɗin da ya maƙale a haƙoran filawil, ko janareton caji ko famfon ruwa da ya daskare, ko kulocin da ya manne, duk suna iya sa a zaci inji ne. A fitar da giya, a cire fambel, a kwance kik, sannan a gwada juya notin fulin kuranshaf da hannu.

Sai a zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A kwance notin ƙasa a tari man a roba mai tsabta. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara fitowa. Idan an ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli ko mai kalar tagulla, metal ya ci, kuma maganar jiƙo ta ƙare.

Bayan haka a cire fulogi huɗun, a jera su yadda aka ciro su. A 504 fulogi suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sufanarsu, kuma a hure ƙurar ramin tukuna don kada ta faɗa ciki. Fulogin da bakinsa ya yi jar tsatsa yana nuna silindar da ruwa ya kwana a ciki.

A nan ne wayar hannu ke da amfani. Akwai ƙaramar kyamara mai doguwar igiya da fitila a baki, wadda ake jona wa waya ta kafar caji. Kaurin kanta yawanci milimita 5.5 zuwa 8 ne, ramin fulogi kuwa milimita 14 ne, don haka tana shiga ba wahala. Da ita za a ga bangon silif da saman fistin ba tare da an kwance komai ba. Jan ƙasa-ƙasa a bango tsatsa ce mai sauƙi. Dogayen zane daga sama zuwa ƙasa alamar kankarar zafi ce. Tsatsa mai ɓawo-ɓawo da alamar kwanciyar ruwa tana nufin wannan silif ɗin ya gama aiki. Waɗannan motoci ba su da kwamfutar da za a jona wa na'urar bincike, don haka wannan kyamarar ita ce idon mai gyara.

A ƙarshe a buɗe murfin bawul. A ɗan ƙwanƙwasa kan kowane bawul da gudumar roba, a ga ko zai nutse ya dawo. Bawul ɗin da ya maƙale yana iya hana inji juyawa, kuma idan aka matsa, siririyar sandar da ke tura shi za ta tanƙware.

Jiƙo da girgizawa

Idan bincike ya nuna tsatsar ajiya ce, sai a jiƙa. Ana zuba man da ke ratsa tsatsa ta ramin fulogi. Mafi sauƙin samu shi ne man gas ko kananzir a haɗa da jan man giyar otomatik, rabi da rabi. Tunda injin a kwance yake gefe guda, ɗan kaɗan da aka zuba zai taru ne a ɓangaren ƙasa kawai, don haka a zuba isasshe har ya rufe saman fistin. A mayar da fulogi sako-sako saboda ƙura.

Kada a zuba ruwan batir ko lemon kwalba, domin suna cin ƙarfe su bar laima. Man birki ma yana jan ruwa kuma yana cinye fenti.

Daga nan sai haƙuri, mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Kullum a leƙa. Silindar da manta ke raguwa tana nuna cewa man yana ratsa ringi yana sauka ƙasa. Wadda nata ya tsaya cak ita ce mai matsalar. A riƙa cikawa.

Bayan kwana uku ko huɗu a fara girgizawa. A cire fulogi, a hura tayoyi, a sa mota a giya ta huɗu a fili mai laushi, mutum biyu su riƙa tura ta gaba da baya a hankali. Ko kuma a sa sufana a notin fuli a riƙa motsawa hagu da dama da ƙarfin hannu kawai. Burin shi ne a sami motsi ko da na kaurin farce ne. Da zarar an samu, a ƙara mai, a koma baya, a dawo gaba, tazarar tana ƙaruwa da kanta har inji ya zagaya. Idan ya juya ya tsaya a wani wuri da ƙarfi, a dakata, a sake duba bawul.

Abubuwa uku ne suka fi halaka irin waɗannan injuna. Na ɗaya, a ɗaure mota a bayan tarakta ko wata motar a ja ta da gudu a saki kuloci. Wannan yana karya ringi, ya lanƙwasa kwanrod, wani lokaci ya fasa giya. Na biyu, a haɗa batir biyu a jere a tura wa kik wutar volt 24, ya ƙone ko ya kakkarya haƙoran filawil. Na uku, a zura dogon bututu a sufana mutum ya hau kai, notin fuli ya tsinke a cikin kuranshaf. Garin neman gira sai a rasa ido.

Idan jiƙo bai yi ba

Bayan mako biyu ba motsi, sai a sauke inji. Kafin a cire kowace waya ko tiyo a ɗauki hotonta, a sa notuna a leda daban-daban a rubuta sunan wurinsu. A zubar da ruwan inji gaba ɗaya, a kwance notunan tof-silinda daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan.

Akwai gargaɗin da ya shafi wannan injin musamman. Tof-silinda ne ke danne silif a mazauninsa. Idan an cire shi aka juya kuranshaf, fistin zai ɗago silif, abin toshe ruwan da ke gindinsa ya lalace, daga baya ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Duk wanda ba ya nufin cire silif, to ya danne su da faffaɗan wasa da noti tun kafin ya taɓa komai.

Sai a juya inji a cire kaskon baƙin mai, a kwance murafun kwanrod ɗaya bayan ɗaya. Kowane murfi da kwanrod ɗinsa aka yi shi, ba a musanya su, ba a juya fuskarsu, don haka a yi musu lamba. Idan an saki duka huɗun kuranshaf ya juya sumul, matsalar a fistin take. Idan bai juya ba, manyan metal ɗinsa guda biyar ne abin dubawa.

Fistin ɗin da ya ƙi motsi ana iya ɗora masa guntun icce mai faɗin kansa a buga a hankali, bayan an goge tsatsar da ke samansa da samfefa mai laushi. Ba a dukan fistin da ƙarfe kai tsaye. Idan ya ƙi, ba sai an yi ta kokawa ba: a zaro silif da fistin da kwanrod a dunƙule, a kai wurin mai na'urar matsi ya raba su. Abin da ake so a tsirar shi ne kwanrod.

Sake haɗawa

Ana sayar da silif da fistin da ringi da fil ɗinsu a saiti na huɗu. Faɗin silif na injin cc 1971 milimita 88 ne, na cc 1796 kuma 84, don haka a tafi kasuwa da tsohon a hannu. A buɗe kwali a duba tun a shago, domin akwai jabu, akwai kuma tsoho da aka wanke. Idan silif huɗun ba su yi rami ba, gogewa da sabon ringi kan wadatar. Idan farce yana maƙalewa a zane ko a ramin tsatsa, a canza.

Kuranshaf a kai shi wurin masu garandin su auna. Idan sun rage shi, a sayi metal daidai da awon da suka faɗa, a kuma rubuta awon a ajiye. Bayan ya dawo a wanke ramukan mai da ke cikinsa da kananzir da siririn buroshi, saboda garin ƙarfen da ya rage a ciki yana iya cinye sabon metal cikin kwana kaɗan. Haka za a wanke hanyoyin mai na gangar inji da rariyar famfon mai. A yankin da harmatan ke cika ko'ina da ƙura, haɗa inji a kan rairayi a bakin titi asarar kuɗi ce. A sami ɗaki mai siminti, a shimfiɗa kwali, a rufe duk abin da aka wanke.

Wajen haɗawa a kula da waɗannan:

- Mazaunin silif ya zama fes, a sa sabon abin toshe ruwa. Bakin silif yana ɗan ɗara fuskar gangar inji da abin da bai fi kaurin gashi ɗaya ko biyu ba, kuma sai huɗun sun daidaita. Ana auna wannan da miƙaƙƙen ƙarfe da ma'aunin tazara. Idan aka yi sakaci a nan, gaskit zai riƙa ƙonewa.
- A gwada kowane ringi cikin silif a ga akwai 'yar tazara a bakinsa, sannan a rarraba bakunan kada su hau layi ɗaya.
- A bi alamar da ke kan fistin, a shafa baƙin mai a kowane metal, a juya kuranshaf da hannu bayan ɗaure kowane murfi. Inda ya yi tauri, nan kuskuren yake.
- A duba ko tof-silinda ya karkace, a goge mazaunin bawul, a sa sabon gaskit.
- A ɗaure notunan tof-silinda daga tsakiya zuwa gefe da sufana mai awon ƙarfi, bisa adadin da ke littafin gyaran motar. Ƙiyasin hannu ba ya wadatarwa a kan alminiyon.
- A daidaita alamomin sarƙar tayimin. Tazarar bawul a inji mai sanyi milimita 0.10 ce a na shigar mai, 0.25 a na fitar hayaƙi.
- Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, amma Peugeot daga ɓangaren giya take fara ƙirga silinda ta ɗaya. Wanda ya saba da motocin Japan yakan juya wayoyin fulogi a nan.

Tashin farko

Ko injin da jiƙo kaɗai ya sake shi, dole a zubar da man da ke cikinsa, domin man gas ya tsinka shi. A sa sabon baƙin mai 20W-50 da sabuwar filta. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki da kafireto, a canza tiyon da ya tsattsage. Kafin a mayar da fulogi a buga kik na 'yan daƙiƙu sau da yawa har fitilar baƙin mai ta mutu, alamar mai ya zagaya. A rufe ramukan fulogi da tsumma saboda ragowar jiƙo zai feso, kuma a cire wayar kwayil don kada tartsatsi ya kama.

Idan ya tashi zai yi hayaƙi na ɗan lokaci, wannan ba komai. Abin lura shi ne fitilar mai, allurar zafi, yoyo, da ƙarar bugu daga ƙasa. Idan an ji bugu a kashe nan take. Bayan ya yi zafi ya huce sarai, a sake bin notunan tof-silinda da tazarar bawul. A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, domin ruwan rijiya zalla yana cin silif daga waje kuma yana toshe hanyoyi.

Kada a hau titi sai an gyara birki. Motar da ta yi shekaru a tsaye, robobin birkinta da tayoyinta sun mutu ko da sun yi kyau a ido. A kilomita 1000 na farko a riƙa tafiya matsakaiciya ana sauya gudu, ba lodin buhuna, ba dogon tsayuwa inji na aiki, sannan a sake juye mai da filta.

Yaushe ake haƙura?

Idan gangar inji ta tsage, ko kwanrod ya fasa ta ya fito, ko tsatsa ta cinye mazaunin silif har ba zai riƙe ruwa ba, neman wata gangar ya fi. Haka kuma kafin a kashe ko sisi a kan inji, a leƙa ƙarƙashin motar. Idan ƙarfen da ke ɗauke da ita ya ruɓe, sabon inji ba zai amfane ta ba. Ga motar gado kuma, a daidaita da sauran magada a nemo takardunta tun kafin a fara sayen kaya.

Wanda ke da irin wannan mota a ajiye yanzu yana iya kauce wa duk wannan wahala da ɗan abu kaɗan. Ya ajiye ta a tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ya tayar da ita duk mako biyu har ta yi zafi sosai. Idan ajiyar mai tsawo ce, ya zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, ya juya injin da hannu, ya toshe bakin salansa da na kafireto da tsumma mai maiƙo, ya cire kan batir, ya kuma riƙa juya fulin sau ɗaya a wata, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin da laima ta fi yawa.